Hukuncin rubuta tarihin Borghese da yabon jaruntarsa

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne, an ba ni aiki kan Junio Valerio Borghese, ɗan fasist (mabiyin aƙidar Mussolini) na Italiya. Jaruntarsa a yaƙi ta burge ni. Ya halatta in yabe shi? Kuma tona laifukansa bayan ya mutu ba giba ba ce?

Amsa: Bismillah. Karanta tarihinsa da rubuta shi halal ne, ɗana. Ambaton laifin da mutum ya yi a bainar jama'a don a kiyaye ba giba ba ce. Imam Nawawi ya lissafa gargaɗi cikin wuraren da aka yi rangwame. Zagi kawai za ka bari, ba ya ƙara wa bincike komai.

Yabon ne ke buƙatar tsayawa. In ka ce shi ya jagoranci jirgin ƙarƙashin teku da ya kai mayaƙa Iskandariyya ta Masar a Disambar 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka lalata manyan jiragen yaƙin Ingila biyu, gaskiya ka faɗa, kuma Allah ya ce ƙin wasu mutane kada ya hana mu adalci (Ma'ida: 8). Amma wa ya yi wa wannan jarunta? Gwamnatin da ta rataye Umar Mukhtar, jagoran masu yaƙar mulkin mallakar Italiya, a Libiya a 1931. Daga Satumbar 1943 ya zaɓi bin sojojin Hitler. A daren 7 ga Disambar 1970 mutanensa suka yunƙura kama ma'aikatar cikin gida da gidan talabijin a Rum, babban birnin Italiya, don yin juyin mulki, shi da kansa ya ba da umarnin janyewa kafin gari ya waye, daga baya ya gudu Sifen, ya mutu can a 1974. Aƙidar tasa kuwa fifita jinsi da ƙasa ce da bakin bindiga, irin kiran da Annabi (SAW) ya ce a bari domin ɗoyi yake. Saboda haka mai da shi gwarzo, ko liƙa hotonsa don ƙauna, bai halatta ba: "Kada ku karkata ga waɗanda suka yi zalunci" (Hud: 113).

Kada ka manta ka rubuta cewa kotun ɗaukaka ƙara ta wanke waɗanda aka gurfanar kan yunƙurin a 1984, ko da hukuncin bai kwanta maka ba. Wallahu a'alam.