Kar ka tura tfstate zuwa GitHub

Kana tambaya ko za ka iya tura terraform.tfstate (fayil ɗin da manhajar Terraform ke ajiye bayanan sabobi da sauran abubuwan da ta kafa maka) zuwa GitHub (shafin da ake ajiye code) tare da sauran fayilolin don abokan aiki su samu. A'a ɗan'uwa, kar ka soma, saka sunansa a .gitignore (jerin fayilolin da Git, manhajar da ke adana tarihin code, ba zai ɗauka ba) yau ɗin nan, ka ajiye shi a S3 (ma'ajiyar fayiloli ta Amazon) ka kunna kulle yadda mutum biyu ba za su yi apply (umarnin aiwatar da canje-canje a Terraform) lokaci guda ba.

Fayil ɗin nan kalmomin sirrinka suna cikinsa a fili ba a ɓoye ba, ni ya taɓa faruwa da ni, wallahi kwana muka yi muna canza makullai. In ka riga ka tura, gogewa kaɗai ba ta wadatar ba don yana nan cikin tarihin Git, dole ka canza duk sirrin da ke ciki.