Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutarki Ba Ta Mutu Ba

Wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram (Zinder) ta rubuto daga unguwar Birni: "Malam, tsohuwar kwamfuta ce yayana ya bar mini. Mai gyara ya ce Windows 10 ta ƙare, Windows 11 kuma ba za ta hau kanta ba, wai in kawo jaka 180 ya ba ni wata. Kundin kammala karatu kawai nake rubutawa. In saya?"

Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna. Mai gyaran bai yi ƙarya ba: Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Amma don babbar manhajar ta tsufa, ba shi ne ya ce ƙarfen ya lalace ba.

Ni dai Linux Mint zan ce ki sa, wata babbar manhaja ce daga dangin Linux da ke maye gurbin Windows. Kada sunan ya ba ki tsoro. Wani ɗalibi ne, Linus Torvalds, ya fara Linux a Helsinki a 1991, kuma a kansa aka gina Android ɗin wayarki. Kyauta ne, babu kuɗin lasisi, babu satar lamba, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, kuma giga 4 na RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ta ishe shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ana ɗanɗanawa kafin a yanke shawara. Nemi filash mai giga 8, a sauke miki Mint inda akwai wifi, don ya kusa giga 3, kada ya cinye miki data. Tada kwamfutar daga filashin, ba zai taɓa abin da ke cikinta ba. Gwada wifi, sauti, maɓallan AZERTY, sannan ki buɗe kundinki a LibreOffice, manhajar rubutun da ke zuwa da Mint a madadin Word, ki bi shafi-shafi. A nan ne matsala kan fito: wani lokaci teburi ya goce, ko lambobin shafi su rikice. Malamin da ke duba aikinki ki tura masa docx, wurin bugawa kuma ki kai PDF. Ƙwayar cutar kwamfutar nan da ake kwasowa a shagunan hoton takarda, mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi marasa komai, ba ta aiki a Linux. Na san ɗaliban da ta sa kuka ana gobe miƙa aiki.

Idan darasinku ya dogara da Photoshop ko wata manhajar lissafin kuɗi ta Windows, to Mint ba naki ba ne. In ba haka ba, a girka miki Mint, ki sayi SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri) da sabon batir, don da ɗauke wutar da muke sha a bazara batir ya fi komai. Kafin a girka, kwashe kundin a wuri biyu.

Wani ɗan kasuwa a kasuwar Dole kuma ya ce ɗansa ya matsa masa ya bar WhatsApp ya koma Telegram ko Signal, ya kuma sa VPN na kyauta, wato manhajar da ke bi da zirga-zirgar intanet ɗin mutum ta wata hanyar ɓoye.

Alhaji, yaron ya yi rabin gaskiya. Signal ta fi tsare sirri, buɗaɗɗiyar manhaja ce ta gidauniyar da ba riba take nema ba. Tsarinta na kulle saƙonni ne ma WhatsApp ke amfani da shi tun 2016, sai dai WhatsApp na tara bayanin wa ka kira da yaushe. Telegram kuwa hirarta ta yau da kullum ba a kulle take daga waya zuwa waya ba, sai ka buɗe hirar sirri da kanka. Tunda abokan cinikinka na Kano da Magarya a WhatsApp suke, zauna nan, ka sa Signal don maganar kuɗi da iyali.

VPN na kyauta ban yarda da shi ba. Duk zirga-zirgarka ta hannun wanda ba ka sani ba za ta bi. Ɓarnar da nake gani a garin nan ta fi zuwa ta lambobi 6 na shiga WhatsApp da wani zai kira ya ce ka karanto masa, da GB WhatsApp (jabun WhatsApp), da miƙa waya a buɗe wurin caji. Yau ɗin nan ka ce yaron ya kunna maka tabbatarwa mai mataki biyu, amma lambar kai za ka zaɓa, kai za ka danna.