Ambaliya da Guguwa a Bakin Teku: Ina Makomar Halittun da Ido Ba Ya Gani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Samaru, Zariya. In aka yi ambaliya ko mahaukaciyar guguwa a bakin teku, ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani mutuwa suke yi? Kuma mu da ba mu da teku, mene ne namu a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba ƙarewa suke yi ba, waɗansu ne ke ja da baya, waɗansu su mamaye wurin. Mililita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da bakteriya kusan miliyan ɗaya, kowane iri da yawan gishiri da ɗumin da yake so. Da ruwan sama ya kwararo daga tudu, gishiri ya ragu, sai na asalin teku su yi rauni, na ƙasa da na rafi da na kwata su samu wurin zama. Haka aka gani a mashigin Galveston na Amurka bayan guguwar Harvey a 2017. Da gishirin ya dawo, sai masu gida suka koma wurinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne dangin bakteriya da ake kira Vibrio, domin ruwa mai ɗumi mai ɗan gishiri-gishiri shi ne gidansu. Bayan guguwar Katrina a Amurka a 2005, mutum 22 sun kamu da cutar Vibrio, 5 suka rasu, akasari ta rauni a jiki yayin ratsa ruwan ambaliya. Ƙwayar kwalara, amai da gudawan da muka sani, 'yar wannan dangi ce, tana maƙale a jikin wasu mitsi-mitsin halittun ruwa. Shi ya sa a ƙauyukan Bangladesh, da mata suka riƙa tace ruwa da tsohon zane mai ninki huɗu, kwalara ta ragu kusan rabi.

Namu kuwa ga shi. Ruwan kogin Kubanni na Zariya yana faɗawa kogin Galma, Galma ta shiga kogin Kaduna, Kaduna ta shiga Neja, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya gangara har Tekun Atlantika. A ambaliya irin ta 2012 da 2022, takin zamanin da ruwa ya wanke daga gonaki da ƙazantar masai duk wannan hanya suke bi. Takin yana sa gansakukar ruwa ta yi yawa fiye da kima. In ta mutu, bakteriya su ruɓar da ita, su shanye iskar oksijin ɗin ruwan, kifi ya gudu ko ya mutu. Irin wannan na faruwa duk shekara inda kogin Mississippi na Amurka ke shiga teku.

Ke dai in ruwa ya malale unguwa, kada ki ratsa shi da ciwo a ƙafa, kuma ki tafasa na sha.