Hajiyarsa ta ce ba za ta haɗa zuri'a da 'yar fim ba

Assalamu alaikum Anti,

Ni budurwa ce 'yar shekara 24, a Kano nake. Na fito a wani fim mai dogon zango da ake sakawa a YouTube, da sanin mahaifina da yardarsa, domin da abin da nake samu nake biyan kuɗin makaranta. An ba ni matsayin muguwar amarya mai bin bokaye don ta fitar da uwargida. Akwai wata fitowa da nake barbaɗa magani a miyar maigida ina murmushi, ita aka yanko aka watsa a TikTok. Babu komai a ƙarƙashinta sai zagi. Wannan ya ce ai duk halin mata ke nan, wancan ya ce ba wasa nake yi ba, halina ne na gaske, wasu kuma su kira ni da sunan da ba zan iya rubutawa ba.

Wanda zan aura a wurin aikin muka haɗu, shi ne mai ɗaukar hoto. Har an kawo kuɗin gaisuwa, saura sa rana, sai ƙannensa mata suka nuna wa Hajiyarsu bidiyon, ta ce ita ba za ta haɗa zuri'a da 'yar fim ba. Yanzu cewa yake in goge shafukana, in bar fim, in je in durƙusa a gaban Hajiya in ce na tuba. Barin fim ba zai yi mini wuya ba, da ma koyarwa nake so. Tuban ne ya tsaya mini a rai. Me na yi wanda shi bai yi ba? Shi fa ya riƙe kyamarar, kuma ba wanda ya ce ya bar sana'arsa. Ina son sa, amma ko barcin kirki ba na yi. Ki ba ni shawara.

'Yarki daga Kano

Wa'alaikumus salam 'yata,

Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Tambayarki a kan hanya take, kuma ba kanki farau ba. A 2007, da bidiyon sirrin wata 'yar wasa ya fita, har dakatar da ɗaukar fim aka yi a Kano na tsawon watanni. Sunanta ne ya cika gari, namijin da suke tare kuwa mutane kaɗan ne ke tuna shi. A 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙa, aka yi ta cece-ku-ce a kanta ita kaɗai. Har yau a Kannywood namiji zai yi aure, ya ƙara, ya ci gaba da fim ana ce masa jarumi, mace kuwa da an ɗaura mata aure sai ta ajiye, in ta dawo a ce ta kashe aurenta don fim.

Ki dubi kuma irin matsayin da aka ba ki. Ba ke kika rubuta labarin ba. Masu shirya fim sun san faɗan kishiyoyi da makircin uwar miji su ke tara masu kallo, YouTube kuma da yawan kallo yake biya. Shi ya sa mace a yawancin waɗannan labarai ko dai makira ce mai boka, ko kuwa baiwar Allah ce da ba ta da aiki sai kuka a bakin gado. Ina malamar asibitin da ke kwana a kan mai naƙuda? Ina uwar marayun da ke suyar ƙosai tun asuba? Su ba sa kawo kallo, sai a bar su. Mutum ya shekara yana kallon wannan a waya, ya zo ya ce ai haka mata suke. Abin da ya fi ci mini rai, da yawa cikin masu yanko bidiyon da masu zagin, mata ne 'yan'uwanmu.

Masu jifan ki da wancan suna kuwa, su ne ke buƙatar tuba. Ƙazafi ga mace kamila ba ƙaramin abu ba ne, Suratun Nur ta yanka bulala tamanin ga wanda ya yi shi bai kawo shaidu huɗu ba. Kada ki tanka musu ko sau ɗaya.

Amma kada ki riƙe Hajiya a zuciya. Uwa ce, minti ɗaya ta gani na rayuwarki, ga kuma labaran da take ji na kwana a wurin ɗaukar fim da masu yaudarar 'yan mata da alƙawarin matsayi, waɗanda ba duka ne ƙarya ba. Ki je ki gaishe ta, ki durƙusa kamar yadda tarbiyya ta koya miki. Gaisuwa daban, amsa laifin da ba ki yi ba daban. In kin san akwai inda kika ƙetare iyaka a shiga ko a mu'amala, wannan tsakaninki ne da Allah. In babu, kada ki ce kin tuba don a ɗaura aure, domin ranar da kuka saɓa da dangin miji, da bakinki za a kama ki, a ce ai tubabbiya muka rufa wa asiri.

Nauyin nan a wuyan saurayinki yake. Shi ya ga zamanki a wurin aiki, ya san wa ke raka ki, ya san lokacin da kike tashi. Ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ni na ɗauki hoton nan, sana'armu ɗaya, kuma na shaide ta." Ki faɗa masa haka ƙarara, ki ga abin da zai yi. In ya kasa buɗe baki yanzu da yake ɗokinki, ki yi tunanin yadda za ta kasance bayan kin tare.

Ki sanar da mahaifinki duk abin da ake ciki a yau, kada ya ji a bakin wani. Ba a fafe gora ranar tafiya: batun barin fim, ƙarasa karatu da koyarwa, manya su tattauna shi kafin sa rana, a gaban waliyyan ɓangarorin biyu. In kin bar fim, ki bari don kin zaɓi aji da alli, kuma saurayin naki ya amince da hakan a gaban shaidu. Ki yi istihara, ki roƙi Baba ya jinkirta sa ranar har sai an ji daga bakin Hajiya da kanta.

Antinku