Amsa ga ɗan'uwan da za su hau duwatsun Shere

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ƙungiyarku za ta tashi daga Kano zuwa duwatsun Shere da ke kusa da Jos a watan Disamba, kai kuma Dala kaɗai ka taɓa hawa, ga jiki ya yi nauyi, kana tsoron kada ka zama kai za a riƙa jira. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don wannan tsoron na san shi, kuma abin da kake gudu ya same ni a wurin nan da za ku.

Kafin maganar takalmi da guzuri, ka fara tambayar wanda ya haɗa tafiyar, a gaban kowa: wa zai tsaya a baya? Dole a ware mutum mai ƙarfi wanda aikinsa kawai ya zama na ƙarshe, ba ya wuce kowa ko da wanda ke gabansa rarrafe yake. In aka yi maka dariya aka ce "ai tare za mu tafi", kada ka yarda, a faɗi sunansa. Mu ma haka aka ce mana. Mun yi nisa da hawa sai jijiyar cinyata ta ɗaure, ruwana ya ƙare. Shugaban tafiyar, wanda ya karɓi kuɗinmu da alkawarin ba za a bar kowa ba, ya dube ni ya ce, "Alhaji, zauna nan ka huta, yanzu za mu dawo." Ko gorar ruwa bai bar mini ba. Ashe ta wata hanyar za su sauka. Na zauna a gindin wani ƙaton dutse, ba sabis a waya, iska na kaɗawa, gumin da ya jiƙa rigata ya koma sanyi har haƙorana na haɗuwa. Na yi taimama na yi la'asar a zaune, ina sallama ina tunanin 'ya'yana. Na yi ta kira, muryata ce kawai take dawo mini. Wani yaro mai kiwo Allah ya jefo, ya ba ni sandarsa, ya riƙa tsayawa yana jirana har muka sauko. Da na isa mota, shugaban tafiyar nan bai ce mini sannu ba. Cewa ya yi na ɓata musu lokaci. Daren nan ya zuba hotunansu a Facebook yana yabon kansa. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure nakan ba shi hannu, amma zuciyata ba ta sake ba. Annabi (SAW) ya ce idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, kuma shugabancin nan amana ce, ba wai ka riga kowa isa sama ba.

To, batun jiki. Kada Dala ya ruɗe ka. Tsayinsa mita 534 ne daga teku, ga matakala an yi maka. Garin Jos kansa yana wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma 1,829, kuma can akwai wuraren da sai ka sa hannu ka dafa dutse. Duk da haka Dala da Goron Dutse su ne makarantarmu. Bayan asuba ka saɓa jakar da za ka tafi da ita, ka sa mata gorunan ruwa, ka hau ka sauko ka sake hawa. Ka rage hawa adaidaita, unguwa ta kusa ka taka da ƙafa. Ka ba saukowa muhimmanci, ita ke cin gwiwa fiye da hawan. Kuma tunda ka ambaci nauyi, don Allah ka je a auna maka jini da suga tun yanzu, ka gaya wa likita abin da za ka yi.

Takalmi, ka shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo ka nemi mai kaurin ƙasa da tsaga-tsaga, wanda ya ɗan fi ƙafarka, don a gangara yatsu suna dukan gaba. Ka sa shi makonni kafin tafiyar, don sabon takalmi bororo zai yi maka. Yanke farce, safa mai kauri, da wata a jaka.

Ruwa lita uku a bayanka kai kanka, ba a jakar aboki ba. Ka sayi garin gishiri da sukari a kemis, ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo, don sanyin hunturu yana ɓoye ƙishirwa. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli a aljihu. Rigar sanyi ko da ka ga rana, man kaɗanya don leɓe, tocila, da sanda. Ni yanzu ba na hawa ko'ina ba sanda.

Wani abu kuma, kada ku yarda a ce za a taso daga Kano a hau a rana ɗaya don a rage kuɗin masauki. Ku bi hanyar Falgore da Saminaka da rana, ku kwana a Jos, ku fara hawa da sassafe tare da ɗan jagora ɗan yankin. Ku sa lokacin juyowa, in ya yi a juyo ko ba a kai sama ba. Ka bar wa iyali lambar direba da ta jagoran.

In kana kusa da Dala, ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar bayan asuba mu fara hawa tare. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.