Filin Tambayoyinku: Kayan sauti da kyamara a ƙauye, sana'ar za ta ɗore?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Garki ta jihar Jigawa, tun ina yaro nake son harkar sauti da hoto, in ana biki ni ake miƙa wa waya in ɗauka, ina ɗan haɗa bidiyon da manhajar CapCut mutane kuma suna yabawa. Bana na sayar da riɗina, ina kuma da bijimi ɗaya da nake kiwo, in na haɗa zan samu wajen naira miliyan ɗaya da rabi. So nake in kama shago a bakin kasuwa in sa kwamfuta ina turin fim da karatu, in sayi lasifika da janareta ina bayarwa haya, in sayi kyamarar ɗaukar biki, da daddare kuma in riƙa haska ƙwallo. Baba ya ce in bar bijimin nan. Don Allah abin zai ɗore?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa wa nema albarka. Ka ji maganar Baba, bar bijimin tukuna. Abin da ka lissafo sana'a huɗu ne, kowacce da jarinta da masu sayenta da lokacin da take ci, ai ko taura biyu ba ta taunuwa balle huɗu. In ka raba kuɗin nan gida huɗu ƙaramin kaya za ka kwaso ta ko'ina, wanda wata shida ba zai yi ba sai ka fara zarya wajen mai gyara.

Gidan kallo cire shi daga lissafi yanzu. Kuɗin DStv duk wata ne ko an shigo ko ba a shigo ba, gasar Ingila daga Agusta zuwa Mayu take, ga rumfa ga benci ga talabijin ga janareta na shan mai har a tashi wasa.

Turi kuwa yana nan da rai a ƙauye saboda netwok ba ƙarfi data kuma ta yi tsada, amma ka tuna yadda aka yi da masu sayar da faifan CD na Ƙofar Wambai a Kano, masu turin ne suka kwashe musu kasuwa, yanzu su ma YouTube na cin tasu a hankali tunda masu shirya finafinai can suke sakin masu dogon zango. Sannan tura fim ɗin mutum ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan. Abin da na fi gani da amfani a shagon shi ne cajin waya da sola, don inda wutar KEDCO ba ta kai ba ko take zuwa jefi-jefi kullum sai an yi caji, kuɗi ne ƙanana amma ba ya yankewa ko da damina, shi zai biya maka hayar shago.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne lasifika. Waya ta kashe kasuwar mai kyamara a wurare da yawa, kowa na ɗauka da tasa, amma har yau ba wayar da za ta jiyar da jama'a ɗari uku a fili. Ɗaurin aure, walima, saukar karatu, Maulidi a Rabi'ul Awwal, tafsirin azumi, musabaƙa, taron iyayen yara, taron siyasa, duk sai an nemi mai kayan sauti. Sai dai kafin ka sayi ko wayar wuta ɗaya, ɗauki littafi ka je wajen liman da mai unguwa da masu Islamiyya, na garinku da ƙauyukan da mashin ke kaiwa, ka tambaya: bara taro nawa aka yi, wa ya kawo lasifika, daga Ringim aka ɗauko shi ko daga Gumel, nawa aka biya, kuma an biya ɗin da gaske ko "Allah ya saka da alheri" aka ce? Wannan ta ƙarshen ita ke kashe sana'ar nan a ƙauye wallahi, kowa ɗan uwa ne, wannan kawunka wannan surukin yayarka, masallaci kuma kunya ba za ta bar ka ka yanka farashi ba. Tun ranar farko ka ware abin da za ka yi saboda Allah, sauran kuwa kafin alƙalami sannan kaya su fita daga shago, musamman taron siyasa, don an watse ne ba ka ƙara ganin wanda ya kira ka.

In ka samu farashin sai ka cire kuɗin mai, kuɗin ɗauko kaya da mayarwa, sallamar yaron da zai taya ka, da wani abu da za ka riƙa ajiyewa don gyara, abin da ya rage shi ne naka. Kada ka yi lissafi da tsohon farashin fetur, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa. Kuma kada ka auna shekara da kaka, lokacin da aka sayar da riɗi da zoɓo ana ta aure, ko watan Sha'aban da ake rige-rigen kai amare kafin azumi. Auna ta da Yuli da Agusta, kuɗin kowa ya tafi taki da 'yan ƙwadago, kayanka na jibge.

Shawarata ka gwada da kayan wani. Nemi mai kayan sauti a cikin gari ku yi yarjejeniya, kai ka samo aiki ka ɗauko kayan ka kula da su ku raba, ka yi kaka ɗaya a haka kana rubuta komai. In littafin ya nuna riba sai ka shiga Sabon Gari a Kano tare da mai gyaran da ka yarda da shi. Dubban wat ɗin da ake rubutawa a jikin kwali da sunan PMPO talla ce, ka tambayi RMS, shi ne ainihin ƙarfin. A kunna maka kayan da ƙarfi su ɗau lokaci ka ji ko amfilifaya na zafi ko murya na karkarwa, ka haɗa da sitabilaiza don wutar ƙaramin janareta hawa da sauka take, ita ke ƙona kaya, ka kuma ɗinka musu riga saboda ƙurar hunturu. Batun DJ da casu kuma ka san Hisba na sa ido a kan cakuɗa maza da mata, ka fara jin ta bakin ofishinsu da dagaci kafin a kwashe maka kaya. Kyamara ita ce ta ƙarshe, wayarka ta ishe ka yanzu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, ina da waya mai kyau, ko zan iya mayar da ɗaukar bidiyon wunin biki sana'a?

AMSA: Ƙwarai kuwa 'yar uwa, ke ma kin fi maza dama, don kamu da sa lalle da wuni a cikin gida ake yi inda namiji ba ya shiga, iyaye kuma sun fi natsuwa da mace. In maigida ya amince, abin da kike buƙata kaɗan ne: ƙaramin makirfo mara waya da ake maƙalawa a riga, fitilar caji don ɗakunanmu da duhu, ƙafar ɗora waya, fawa banki da memori. Ki fi kula da murya, mutane na haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi amma ba sa kallon bidiyon da ba a jin me ake cewa. Ki ajiye kowane aiki a wuri biyu har ki miƙa, ki tura wa uwar amarya ta Xender ko a filash hannu da hannu, kada ko daƙiƙa ɗaya ta hau TikTok ko sitatus ba da izininsu ba, in kin miƙa sun tabbatar yana buɗewa ki goge naki a gabansu.