Tambaya da Amsa: Daga Ina Mai Koyon Zane Zai Fara?

Tambaya: Malam, in fara da zana abu yadda ido ke ganinsa, ko da zanen da ba ya kwaikwayon komai? Kuma me ya sa launukana ke komawa ruwan ƙasa?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da abin da kike gani. Ajiye ƙwarya kusa da taga, ki zana ta da fensir 2B (mai ɗan taushi da duhu), minti 20 kullum, kina bin inda inuwa ta kwanta. Bayan wata guda, ki rage ta zuwa da'ira da 'yan layuka, daga nan zanen siffa zalla, wato wanda ba ya kwaikwayon komai, yake tasowa.

Launi kuwa, ja da shuɗi da rawaya in sun haɗu duka, ruwan ƙasa suke bayarwa. Kada ki gauraya fiye da biyu, ki riƙa wanke burushi, kuma ki bari shafen farko ya bushe.